Littafin da Falmata ta Zaɓa Miki

Bolori, Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Rukayya 'yata, ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, kin wuce hanyar Damaturu babu abin da ya taɓa ki, ke da duk wanda ke cikin motar. Na cusa ta a aljihun gefen jakarki don kada ki gan ta sai kin isa, saboda akwai maganar da ba zan iya faɗa miki ina kallon idonki ba.

Shekaranjiya da la'asar kin baje littattafai uku a kan tabarma a tsakar gida. Kin ce malamin da zai duba bincikenki na digiri na biyu ya ce ki zaɓi ɗaya ya zama ginshiƙin aikinki, tunda kin ɗauki batun matan da suka dawo daga daji da yadda zamansu da mazajensu yake. Duka ukun na ilimin halayyar ɗan Adam ne, ɓangaren sha'awa da kwanciyar aure. Akwai ja mai kauri na Turawa, cike da zane-zanen jiki. Akwai kore siriri da wani malamin jami'a na ƙasar nan ya rubuta kan zaman aure. Sai fari, na wata likita, kan matan da aka keta wa haddi a ƙasashen da aka yi yaƙi. Ina zaune kusa da ke ina tsintar shinkafa. Na rage sauri da gangan, ina jira ki juyo ki ce, "Umma, wanne kike gani?" Ai ni ma fannin na karanta, kin sani.

Sai kika ɗauki waya kika kira ƙawata Falmata.

"Anti, kin fi kowa sanin wannan fannin, wanne zan ɗauka?"

Wannan "kin fi kowa" ɗin ne ya tashe ni daga wurin. Kin biyo ni ƙofar kicin kin ce, "Umma, lafiya idonki ya yi ja?" Na ce albasa ce. Ban yanka albasa ba ranar. Kishi ne, Rukayya, kuma ya girme ki. Zan ba ki labarinsa tun daga tushe, don ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Ni da Falmata aji ɗaya muka yi a jami'a, a sashen koyon ba da shawara. Lokacin ina da aure, ina goyon yayarki, ita kuma amarya ce daga unguwar Limanti. Wata rana malaminmu ya ce zangon karatu mai zuwa za a shiga darasin sha'awa da aure, kowa ya nemi littafinsa. Muka je wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai a kan leda a bakin Kasuwar Litinin. Biyu kacal yake da su a kan batun. Ni na fara ɗaukar na farkon. Na buɗe, idona ya sauka a kan zanen jikin mace, na rufe shi da sauri kamar na taɓa garwashi. Dattijon yana kallona ta saman tabarau. Na ajiye, na ɗauki ɗayan, mai bango ruwan ƙasa, babu hoto ko ɗaya, sai dogayen bayanai kan haƙƙin miji da na mata.

Falmata ta ɗauki wanda na ajiye, ta yi ta juya shafukansa a tsakiyar kasuwa kamar tana zaɓen atamfa.

"Ke Hauwa," ta ce da Hausarta mai karin Kanuri, "'ya'ya biyu kika haifa, mene ne a ciki da zai tsorata ki? Duba nan, babi guda kan abin da ke sa mace jin zafi. Ga na tsoro. Ga na maza ma."

Na ce, "Wanda na sani ya ishe ni."

Ta naɗe shi cikin lafayarta muka tafi. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce shi nake so. A hannuna ya fara zama. Na bar shi saboda idon wani tsoho da bai san sunana ba, wanda ban sake gani ba har yau. To ke kada ki zaɓi littafi don mai kallonki. Kunya tana da kyau a suturarki da harshenki, ni na koya miki ita, ba kuma na so ki zubar. Amma wadda mutane za su kawo wa ciwonsu ba ta da damar rufe ido. Malaman addininmu suna karantar da babin wanka da na haila a gaban jama'a, babu wanda ya ce sun yi rashin kunya.

Da aka yi jarrabawa, malamin ya ɗauko takardar Falmata ya karanta wa aji duka. Ya ce ita kaɗai ta yi rubutu kamar wadda za ta zauna da mutum mai rai. Ina zaune a gefenta ina murmushin da bai kai zuci ba. Da muka fito ta miƙo min littafin.

"Riƙe shi sati biyu, na gama da shi."

"Ba na buƙata," na ce. "Ni ma ai na ci."

Na ci ɗin kuwa, domin na haddace nawa daga bango zuwa bango. Sai da na girma na gane irin littafin da na haddace. Kowane shafi "ya kamata mace ta yi kaza", "ya kamata namiji ya yi kaza". Bai taɓa cewa ga inda ya samo maganarsa ba, bai taɓa cewa ya zauna da mutum ko ɗaya ya tambaye shi ba, bai kuma taɓa cewa "wannan ba mu sani ba". Mai shi ya san komai. Shi ya sa na so shi, ya sa ni ma na ji na san komai.

Jiya da kika tafi wurin tela na buɗe littattafanki uku, ki yafe min. Koren nan ƙanin nawa ne, daga shafin farko na gane shi. Na juya bayansa don in ga jerin inda ya ɗebo bayanansa, na tarar rabin shafi ne, mafi yawa kuma rubuce-rubucen shi kansa ne. Duk littafin da za ki ɗauka, ki fara da bayansa kafin gabansa. Ki duba su wa aka tambaya, a wace ƙasa, yaushe. Jan yana da gaskiya, ya san jikin ɗan Adam sosai, yana kuma faɗin inda iliminsa ya tsaya. Amma waɗanda ya tambaya yawanci 'yan makaranta ne na ƙasarsu da suka cike takarda a cikin aji. Bai san suruka ba. Bai san miji da mata da 'ya'ya biyar a tanti ɗaya ba.

Yanzu zan faɗi wanda ya fi nauyi. Kina firamare lokacin, ba za ki tuna sosai ba. Shekarun nan ne da 'yan tayar da ƙayar bayan nan suke cikin gari, suna zaune a unguwanni tare da mu, ba ka san ɗan wa ya shiga ba. Kowa yana ɓoye takardunsa na makaranta. Ni da hannuna na zuba littattafaina a murhu, har da mai ruwan ƙasan. Falmata ba ta ƙona nata ba, ta cusa su cikin buhun gero. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti a lokacin, mata suna bin ta har gida da matsalolinsu na ɗaki, ni kuwa ina makarantar 'yan mata ina raba wa yara takardar zaɓen darussa.

Aka yi suna a Limanti, muka je. Ɗaki ya cika da mata, ana ta hira, sai wata ta ce, "Wallahi Ya Falmata ce ta gyara min aurena, Allah Ya biya ta." Wata ta karɓa, wata ta ƙara. Falmata tana waje wurin rabon abinci, ba ta ma ji ba. Ni na ji. Sai bakina ya buɗe, ina dariya na ce, "Ai dole, mai littafin tsiraici na Turawa a cikin buhun gero."

Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar.

Ba a yi sati biyu ba aka jefa takardar barazana a zauren gidansu. An rubuta sunanta, an ambaci littattafan, an ambaci buhun. Washegari mijinta ya sa ta a mota da yaranta zuwa wurin yayanta a Bauchi. Ni na raka ta tasha. Na rungume ta ina kuka, kukan kuma na gaske ne, amma can ƙasan zuciyata akwai wani wuri da ya yi sakayau, yana cewa yanzu matan za su zo wurina. Ba su zo ba. Ta fi shekara a can. A cikin wannan lokacin aka datse layukan waya, mahaifiyarta ta kwanta ciwo ta rasu, sai bayan makonni wani direba ya kai mata labari. Ba ta ga gawar uwarta ba saboda wata magana da na yi don a yi dariya.

Ki kula da bakinki, Rukayya. Aikin da kika zaɓa na sirri ne tun daga littafin har mutanen. Abin da kika karanta da abin da aka faɗa miki ba kayan hira ba ne, ko da ƙawarki ta ɗaki, ko da mijin da za ki aura. Idan kuma kika ji ana yabon wata, ƙirjinki ya yi zafi, ki tashi ki fita ki sha ruwa. Ki gaya wa kanki sunan abin. Ni na daɗe ina kiransa "kishin addini" da "gudun rashin kunya", ina yi masa ado, shi ya sa ya samu wurin zama.

Bayan an kori mutanen nan daga gari, sai ƙauyuka suka kwararo mana. Aka mai da makarantarmu sansanin 'yan gudun hijira, aka ce tunda na karanta ba da shawara in zauna da mata. Aka ba ni tebur da kujera biyu a tsohon ofishin malamai. A nan na sadu da Kaltume. Mace ce mai kimanin shekara talatin, 'ya'yanta uku, ta fi shekara a hannunsu a daji kafin ta tsero. Mijinta Modu ya karɓe ta duk da danginsa sun hana. Ta zauna a gabana tana murza bakin mayafinta.

"Malama, mutumin kirki ne. Amma idan ya taɓa ni, jikina sai ya zama itace. Numfashi ma ba na iyawa."

Littafina ya ƙone, amma yana nan a kaina. Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce ta gode wa Allah da ya ba ta miji mai haƙuri, na lissafa mata haƙƙinsa a kanta, na ce abin da ya wuce ya wuce, ta cire shi a ranta. Washegari na kawo mata kwalbar humra daga cikin tawa, mai kyau, na ce ta shafa, ta gyara kanta. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Na koma gida ina jin na yi aikin lada. Ba ta sake dawowa ba, na ɗauka ta warke.

Bayan wata biyu na gan ta a kan benci a ƙofar tantin Falmata, ita da Modu. Falmata ta dawo gari a lokacin, wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta aiki a sansanin namu. Ta ma wuce tsohon littafin nan, tana karanta sababbi irin farin naki. Na ja Kaltume gefe na ce, "Me ya hana ki dawowa wurina?"

Ta sunkuyar da kai. "Malama, ki yi haƙuri. Ke kin faɗa min abin da zan yi. Ita ta tambaye ni abin da aka yi min."

Sai ta gaya min sauran. Mutumin da ya riƙe ta a daji yakan tilasta mata shafa humra duk ranar da zai zo. Da ta shafa wadda na ba ta, Modu ya matso, sai amai ya ƙwace mata a gabansa. Ya ɗauka ƙyamarsa take yi, ya ɗauka zuciyarta tana can daji kamar yadda danginsa ke faɗa, ya yi mata saki ɗaya. Falmata ce ta zaunar da shi sau da yawa, ta yi masa bayani da Kanuri cewa jiki yana riƙe tsoro ko bayan an tsira, ƙamshi ko taɓawa kan dawo da shi, ba ƙiyayya ba ce. Ta ce ya ba ta lokaci, ya riƙa tambayarta kafin ya matso. Ya mai da ita kafin idda ta cika.

Kin san abin da na ji a cikin keke ina komawa Bolori? Ya kamata in yi hamdala an ceto aure. Na yi, da baki. Amma abin da ya cika min ƙirji shi ne, me ya sa ita? Tambaya ɗaya ce ta raba ni da ita, kuma tambayar tana cikin littafin da na ajiye a kan leda.

To, shekaranjiya daga kicin na jiyo kina maimaita cewa Falmata ta ce ki ɗauki farin. Ta yi daidai. Hannuna yana nauyi da nake rubuta wannan, amma ta yi daidai. Na karanta babi biyu a cikinsa jiya, na ga matan da kansu suke magana, likitar tana saurare, tana kuma faɗin inda ta yi kuskure. Shi ne zai zama ginshiƙinki. Jan ki ajiye shi kusa, duk lokacin da magana ta zo kan jiki ki koma masa, kada ki tsallake zanen. Koren ma ki karanta shi sau ɗaya, domin abin da ke cikinsa shi ne abin da surukai da maƙwabta za su faɗa wa matan da za ki zauna da su, gara ki san shi. Idan magana ta taɓa hukuncin addini, ki kai ta wurin malamar da ta san fiƙihu, kada ki yanke da kanki, kada kuma ki bar Bature ya yanke miki.

Farin ma kada ki haddace shi yadda na haddace nawa. Matan cikinsa ba na Borno ba ne, babu humra a ciki. Akwai abu ɗaya da zan iya koya miki wanda Falmata ba za ta iya ba, domin ba ta taɓa zama a inda na zauna ba: na san yadda kuskuren yake daga ciki. Ba ya zuwa da shakka. Yana zuwa da daɗi, ka ji amsa ta taho bakinka tun mutum bai gama magana ba. Ranar da kika ji haka, ki yi shiru, ki sake tambaya.

Kafin ki sake hawa hanya da su, ki sa wa littattafan bango da takardar kalanda. A shingen hanya ana zazzage jaka, ba kowane mai bincike ne zai gane ba. Can makaranta ma za ki gamu da mazan da idan suka ji abin da kike karantawa za su ɗauka ƙofa ce a buɗe. Ki amsa musu da fuskar aiki, kada ki yi dariyar da ba ki yi niyya ba, kada ki zauna tattauna bincikenki da namiji a ɗakin da aka rufe, ko wane ne shi.

Yau da safe, bayan na gama haɗa miki yaji da kuka, na hau keke na tafi Limanti. Na tarar da Falmata tana shara. Ta yi min sannu da Kanuri, "Wushe, wushe, uwar 'yar makaranta," ta shimfiɗa min tabarma. Ban zauna ba. A tsaye na faɗa mata komai, sunan, dariyar, buhun gero, har da abin da na ji a tasha. Ta jingina tsintsiyar da bango.

"Hauwa, matar da ta kai musu maganar ta zo neman gafarata tun shekarar da na dawo. Ta gaya min a bakin wa ta ji."

Sai na zauna a kan tabarmar.

"Kin sani? Kika ci gaba da zuwa gidana? Kika riƙe min Rukayya kamar 'yarki?"

"To da wa zan yi? 'Yan ajinmu wasu sun mutu, wasu sun gudu, ke kaɗai kika rage min." Sannan ta ce, "Iya ta rasu ba na nan. Wannan ba zan ce miki na manta ba, ba na mantawa. Amma na yafe tun tuni. Jira kawai nake ki zo, kin daɗe."

Ta shiga ta kawo shayi, muka sha, muka yi kuka. Kuma Rukayya, Allah Yana gani, ina riƙe da kofin ina tunanin cewa da ni ce aka yi wa, ba zan iya ba. Har yafiyar ma sai da na yi kishinta.

Haka uwarki take, gara ki sani daga bakina. Ina yaƙi da abin, wata rana in ci, wata rana ya ci ni. Za ki wuce ni a ilimi, haka nake roƙa miki a kowace sujada. Ranar da kika dawo da takardarki, idan kin ga fuskata ta ɗan canja, kada ki tsorata, kada ki ɓoye takardar. Ki ba ni minti biyu. Farin cikin yana biye, kuma shi ne mai zama.

Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na bakinki, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa. Allah Ya sa iliminki ya zama sanyi ga matan da za su zauna a gabanki. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Borno, Ya dawo min da ke ina raye. Abbanki yana sa miki albarka, 'yan'uwanki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Ummanki,
Hauwa.